Adireshin Bayan Ambulan

Gwaggona ba ta taɓa fara duba ambulan daga gaba ba. Ko katin gayyata ka miƙa mata, sai ta juya shi ta ga ko mai aikowa ya rubuta inda za a mayar masa in ba a sami mai shi ba. In bai rubuta ba sai ta ja tsaki, ta riƙe takardar da yatsa biyu kamar a kwata ta tsinto ta. Shi ya sa kowa ke ce mata Gwaggo Ambulan, har 'ya'yan da ta haifa in ba ta kusa. Ni ma na yi shekaru ina mata dariya a kan wannan hali. Na daina ne a makon da wani tsohon tela ya zo yana neman a ceto idonsa ɗaya da ya rage, aka gano cewa ni ne na tare masa hanya, ni ɗan wanta mai digirin kwamfuta, don ban san saƙon imel ma yana da baya ba.

Ƙanwar mahaifina ce. Shekara ashirin da shida ta yi a gidan waya, ashirin daga ciki a ɗaki guda, can ƙarshen baranda bayan banɗakin ma'aikata, inda ake jibge wasiƙun da suka dawo. Ɗakin horo ne. Wanda ya yi wa shugaba rashin kunya shi ake turawa can ya zauna da ɓeraye. Ita kuwa da bakinta ta roƙa. Ranar da ta fara shiga ta tarar wanda ta gada ya jera buhu uku na wasiƙun mutane ya mai da su katifar baccin rana, na ƙasan har ya yi fumfuna. Ko da ta tsufa, in ta ba da labarin nan sai ka ga ta yamutsa fuska tana neman inda za ta tofar da yawu.

Aikinta shi ne ta juya kowace wasiƙa, ta buga mata hatimi, ta mayar wa wanda ya rubuto, domin ya san maganarsa ba ta isa ba. Takan ce wanda aka mayar wa da wasiƙarsa ya huta, ya san matsayinsa. Abin tausayi shi ne wanda ke zaune yana jiran amsa, yana zagin ɗan uwansa a zuci, alhali wasiƙar tana ƙarƙashin wani malalaci yana minshari a kanta.

Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Ta haɗa da ni na zama na biyar, shekara uku ina sakandare a hannunta. Ban ji daɗin zaman ba, gaskiya ɗaya ce. In na wanke kwano ba ta duba cikinsa, kife shi take yi ta shafa gindin da yatsa. Ta ce, "Ƙazami gaban kwano yake wankewa." Takalmi ma tafinsa take dubawa, riga kuwa ta juya wuyan. Na sha yin alkawari a raina cewa in na girma zan yi aikin da ba shi da gindi balle a shafa.

Da wasiƙu suka ja baya aka sallame ta. Ta dawo gida da agogon bango da aka ba ta kyauta, da hatimin nan nata a cikin gwangwanin biskit. Wata huɗu ta yi tana addabar surukanta da binciken bayan tukwane, har 'ya'yan suka haɗa kai suka nemo mata aiki don a sami lafiya. Wani ƙaramin asibitin ido ne na wata ƙungiya, ita ce mai karɓar mutane a teburin bakin ƙofa.

A asibitin nan akwai Manaja. Mutum ne mai son turare da son hoto, turarensa yana riga shi shiga ɗaki ya kuma daɗe bayan ya fita. Burinsa a duniya a ce ofishinsa ba ya amfani da takarda, kuma ya samu, domin har wani allo aka ba shi na yabo ya kafa a saman kujerarsa. Da ya ce yana neman mai gina shafin intanet, Gwaggo ta ce tana da ɗa. Haka na shigo.

Ga yadda tsarin yake. Likitar da ke yin aikin hawan jinin ido ba a nan take ba, sau biyu take zuwa a shekara, ta yi kwana huɗu ta tafi. Wanda aka ga yana buƙatar aiki sai a sa shi a layi. In lokacinsa ya yi, shafin da kansa zai aika masa imel da ranar zuwa. In kwana goma suka wuce bai amsa ba, a ba wani gurbinsa. In ya yi haka sau biyu, a cire shi daga layi gaba ɗaya, kwamfuta ta rubuta a gaban sunansa: an aika, bai amsa ba. Da farko na sa wurin lambar waya da adireshin gida a fom ɗin. Manaja ya ce fom ya yi tsawo, kuma kiran waya aikin mutanen da ne, in cire. Na cire ina murmushi, ban ko yi gardamar minti ɗaya ba.

Ranar da na nuna musu aikin, ma'aikata sun taru a bayana ana ta tafi. Na danna, saƙo ya tafi, wayar Manaja ta yi ƙara a aljihunsa. Sai Gwaggo ta leƙo ta saman tabarau.

"In bai sami mai shi ba fa, ina yake komawa?"

Na ce, "Haba Gwaggo, nan ba gidan waya ba ne." Na nuna mata saman saƙon. "Ga sunan asibiti nan, ga adireshinsa. Duk abin da zai dawo nan zai dawo."

Ta ce, "Wannan ai kan wasiƙa ne, ɗan nan. Kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a kan wasiƙa. Ina bayan ambulan?"

"Imel ba shi da ambulan, Gwaggo."

Manaja ya fashe da dariya har da dukan tebur, ya ce a bar tsohuwa da zamaninta. Kowa ya yi dariya, ni na fi kowa. Ba ƙarya na yi niyyar yi mata ba, jahilci ne tsagwaronsa, amma na faɗe shi da ƙarfin murya, irin yadda masu sana'armu suka iya. In na tuna dariyar nan yanzu sai in ji bakina ya yi ɗaci.

Shekara huɗu aka yi a haka. Duk zuwan likita sai an sami mutane da yawa da ba su amsa ba, Manaja ya girgiza kai ya ce mutane ba su damu da lafiyarsu ba, ka yi musu gata su watsa maka ƙasa a ido. Har a rahoto yake rubutawa. Gwaggo ta sha ce min abin nan bai kwanta mata ba, mai ciwon ido ba ya ƙin amsa kiran likita. Ni kuwa in ce mata na duba, komai na tafiya daidai. Abin da nake dubawa shi ne ko saƙo ya fita. Ya fita kuwa.

Tela ya zo ranar Litinin, ranar da likitar ta sauka, za ta tafi Alhamis. Gwaggo ta ce tun daga ƙofa ta gane mai sana'a ne, tef ɗin awo na rataye a wuyansa, yana tafe yana shafa bango. Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa. Na dama ne aka ce masa, wata goma sha huɗu da suka wuce, yana buƙatar aiki da gaggawa, aka sa shi a layi. Shi ba shi da imel, sai 'yarsa ta ba da nata. Ya yi ta jira shiru kamar an shuka dusa. Wata takwas baya ya taɓa zuwa tambaya, ranar Gwaggo ba ta nan, wani ma'aikaci ya karanta masa abin da ke kan allo: an aika, ba a amsa ba. Daga ranar ya daina yi wa 'yar magana. Gida ɗaya suke, ita ke dafa masa abinci, amma ko gaisuwarta ba ya amsawa.

Ya ce wa Gwaggo, "Ba faɗa na zo yi ba, baiwar Allah. Laifin namu ne. Yarinyar ce ta yi wasa da abin, tana ta rantse-rantse wai ba ta ga komai ba. Na zo ne in ba da haƙuri, ko za a taimaka a mayar da ni layi. Yanzu ko ramin allura ba na gani, da lalube nake zura zare."

Gwaggo ta duba allo, an aika sau biyu, an cire shi. Ta ce, "Malam, adireshin da 'yarka ta bayar, na wurin aikinta ne?"

"Na wurin aikinta ne."

"Tana wurin har yanzu?"

"A'a, ta bar su ya fi shekara."

Ba ta ƙara tambayar komai a kan wannan ba. Ta ɗauki katin asibiti ta juya bayansa, ta ce ya kwatanta mata gidansa, ta rubuta: layin da ke bayan gidan mai, shago na uku, ƙofa mai shuɗin fenti. Ta ce ya je gida zai ji daga gare ta.

Da rana tsaka sai ga ta a ofishina. Ɗaki ne guda a saman wani shagon taya, kuma ban san za ta zo ba, don haka ta same shi yadda yake: wayoyi a ƙasa kamar hanji, kofuna uku da busasshen shayi, ɗaya har ya yi gashi. Ta tsaya a ƙofa ta ƙare wa ɗakin kallo, ta shimfiɗa hankicinta a kan kujera kafin ta zauna. Ta ba ni labarin tela a taƙaice.

Ta ce, "Yarinya ta tashi daga adireshi. Wasiƙar da aka kai gidan da mai shi ya tashi dole ta dawo. Ba ta dawo teburina ba, ba ta dawo wa Manaja ba. To tana wani wuri. Nemo min ita."

"Gwaggo, na gaya miki..."

"Ka gaya min shekara huɗu da suka wuce, na yi shiru don kar in kunyata ka a gaban mutane. Yau ba mutane. Ba na tashi daga kujerar nan sai na ga bayan ambulan."

Don in kashe bakinta na yi abin da ban taɓa yi ba. Na sa shafin ya aiko min da saƙo, na buɗe ɓoyayyun layukan da ke samansa, waɗanda mai karatu ba ya gani sai ya nema. Layin farko, na farko ɗungurungum, shi ne adireshin mayarwa. Kuma ba na asibitin ba ne. Wani adireshi ne da ban taɓa rubutawa ba, na babbar kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, wadda muke kira saba. Ashe in mai rubuta shiri bai faɗi inda za a mayar da saƙo ba, sabar sai ta liƙa nata, sunan wani akwati na cikin gida da ba a yi shi don mutum ya buɗe ba. Sunan akwatin ma, in ka fassara, cewa yake ba kowa.

Gwaggo ta ga fuskata ta ce, "Buɗe."

Na shiga sabar na lalubo akwatin. Saƙo dubu ɗaya da ɗari ɗaya da goma sha huɗu ne a ciki, ba wanda aka taɓa buɗewa. Na fara gangarawa. Wannan babu mai adireshin. Wannan akwatinsa ya cika. Wannan kamfanin ya rufe. Kowanne ya dawo da dalilinsa a rubuce, tsaf, da rana da lokaci, da cikakken sunan majinyaci a ƙasa da ranar da aka ce ya zo a duba idonsa. Injin ya yi aikinsa, ya kai, bai samu ba, ya dawo ya faɗa. Ni ne na tsayar da shi yana magana da bango.

Na nemi sunan tela. Ga su nan guda biyu. Na farkon ya dawo daƙiƙa huɗu bayan an aika shi, na biyun daƙiƙa uku. Wato tun kafin kwana goman su fara ƙirguwa, amsar tana nan zaune.

Gwaggo ba ta ce "ai na faɗa" ba, da ma ta faɗa da na fi samun sauƙi. Ta ce in nuna mata inda kuskuren yake. Na buɗe shirin na nuna mata layin da ke aika saƙo. Gurabe biyar gare shi: wanda za a aika wa, kan magana, maganar kanta, sunan mai aikowa da ake gani a sama, sai na biyar, inda ake gaya wa sabar adireshin da za ta rubuta a bayan ambulan. Na biyar ɗin ba dole ba ne, ko babu shi saƙo zai tafi. Ni kuma layin kwafo shi na yi daga wani dandalin intanet, wanda ya rubuta huɗu ya cike, ni ma na cike huɗu. Shi ma na tabbata kwafowa ya yi. Haka muke, ƙazami ya gaji ƙazami, kowa da katin sana'a mai sheƙi a aljihu.

Ta daɗe tana kallon gurbin da babu komai a cikinsa. Ta ce, "Tir. Wanda na gada a gidan waya ya fi ka, ɗan nan. Shi ya san a kan me yake kwance." Sannan ta ce in buga mata na telan a takarda, in kuma buga jerin sunayen duka.

Washegari da safe muka shiga wajen Manaja. Ya saurara, ya tashi ya rufe ƙofa, ya rage murya.

"Wa da wa suka san da wannan?"

Na ce mu uku ne.

"To alhamdu lillahi. A bar kaza cikin gashinta. Kai, ka goge akwatin nan yau. Sannan ka gyara yadda duk abin da ya dawo zai ɓace kai tsaye, kar ya sake taruwa. In masu ba mu tallafi suka ji wannan, mun shiga uku."

Ban taɓa jin turare ya yi min wari kamar na ranar ba. Amma kar in wanke kaina, na tsaya ina lissafin yadda shawarar tasa za ta rufa min asiri ni ma, har na buɗe baki zan ce to. Gwaggo ce ta riga ni. Ta ajiye gwangwanin biskit ɗinta a kan teburinsa, ta buɗe, ta fito da jerin sunayen, shafi goma sha tara.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, shekara huɗu kana rubuta wa mutanen nan cewa ba su damu da idonsu ba. Ga su nan, mutum ɗari shida da wani abu. Ka goge na cikin kwamfuta, wannan kuma sai ka haɗiye."

"Ke mai karɓar baƙi ce, ki tsaya a matsayinki."

"A nan nake tsaye. Baƙi ne suka yi sallama sau dubu ba a amsa ba."

Ta kwashe takardunta ta fita, ta tsaya a ƙofar ɗakin aiki har likitar ta fito wanke hannu. Likitar mace ce marar yawan magana. Ta karanta takardar tela a tsaye, ta karanta kwanan wata sau biyu, ta ce a kawo shi gobe da sassafe kafin kowa. Ta kuma karɓi kwafin jerin ta sa a jakarta, daga nan maganar gogewa ta mutu, Manaja ya koma cewa ai shi ma ya daɗe yana zargin akwai matsala.

A teburin Gwaggo na yi gyaran, tana tsaye a kaina. Na buɗe sabon akwati da sunan asibitin, wanda zai riƙa buɗewa a kwamfutarta. Na tambaye ta ko ta tabbata tana so, domin kullum za ta riƙa tarar da tarkace. Ta ce tarkacen wa? Ai wasiƙun mutane ne. Na koma layin nan na cike gurbi na biyar, ɗan gajeren layi, harafi ɗaya, sai adireshin. Na aika saƙon gwaji zuwa adireshin da na san babu shi, kafin in ɗauke hannu ya dawo ya faɗo a gabanta. Na lura tana kallon agogon bango, ban san dalili ba a lokacin. Da na koma ofis na duba sauran shafukan da na gina wa mutane, guda goma sha tara. Goma sha bakwai haka suke.

Da yamma ta ɗauki katin nan mai kwatance a baya ta tafi da ƙafarta har ƙofa mai shuɗin fenti. Ta sa takardar a ambulan, ta rubuta sunan tela a gaba, nata a baya. Shi ba ya iya karantawa, don haka 'yar ce ta karanta masa. Gwaggo ta ce ya karɓi takardar ya yi ta shafa ta.

Laraba da safe ina zaune a bencin baranda, domin Gwaggo ta ce in ban zo ba kar in sake taka gidanta. Sun daɗe a ciki. Da suka fito, likitar ta biyo su har ƙofa, ta yi maganar a fili ba kwana-kwana. Jijiyar ta riga ta mutu, aiki ba zai dawo da komai ba. Ɗan hasken da yake gani yanzu ma ba zai daɗe ba. Da an yi a zuwan farko, da ya ci gaba da ɗinkinsa. Ko a zuwa na biyu da an tsira da wani abu. Ta ce za ta rubuta masa maganin rage zafi, ta koma ciki, layi na jiranta.

Tela ya zauna a ɗaya gefen bencin. 'Yar, mace mai kimanin shekara talatin, ta tsaya nesa kaɗan kamar yadda ta saba a watannin nan. Ya juya kansa ba daidai inda take ba.

"Uwata, kina nan?"

"Ina nan, Baba."

"Wata takwas ina ce miki maƙaryaciya. Ki yafe ni."

Ta durƙusa ta kifa kai a gwiwarsa. Ni kuwa na fara zamewa zan bar wurin, sai ya ji motsina.

"Wane ne nan?"

Gwaggo ta ce, "Ɗan wana ne, mai kwamfutar."

Fuskarsa ta saki. Ya miƙo hannu yana lalube har ya kama nawa da hannu biyu. "Kai ne ka tono takardar? Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ido ya tafi, amma ka dawo min da 'yata. Da na mutu ina riƙe da ita."

Wallahi da Gwaggo ba ta wurin da na karɓi albarkar nan na sa a aljihu na yi gaba, kuma wannan shi ne abin da na fi ƙyama a duk labarin. Ta dube ni irin kallon da take wa gindin kwano.

"Gaya masa wanda ya binne ta."

Na gaya masa. Na yi ƙoƙarin kawo maganar gurabe da saba da dandali, ta ce in bar turanci in yi magana. Na ce ni na gina abin, akwai wurin da ya kamata in rubuta inda saƙo zai dawo, ban rubuta ba, an kuma tambaye ni tun ranar farko na yi dariya.

Bai saki hannuna nan da nan ba. A hankali ya zare nasa. Ya ce, "Ka yi ɗinki ba ka ƙulle zare ba ke nan."

"Haka ne, Baba."

"Yanzu an ƙulle?"

"An ƙulle jiya."

"Aiki ne babba? Kwana nawa ya ɗauke ka?"

Gwaggo ce ta amsa, da muryar da take karanta adireshi.

"Daƙiƙa arba'in. Na duba agogo."

Tela ya gyaɗa kai sau biyu, kamar an faɗa masa awon riga. Ya ɗaga hannu ya cire tef ɗin daga wuyansa, ya naɗe shi a yatsa tsaf yadda ya saba, ya miƙa wa 'yar ya ce ta ajiye a jakarta. Sannan ya miƙe ya ce, "Uwata, kama ni mu je."

Gwaggo ta raka su har bakin titi. Da ta dawo ba ta kalle ni ba, ta wuce teburinta ta gyara tabarau. Saƙo biyu ne suka dawo da safen nan, ta jawo takarda ta fara rubuta sunan na farko.